Farin Hayaƙin Motar Nea Zamfir

"Ƙara takawa, Aglaia. Ba ƙwai ne a ƙarƙashin ƙafarki ba."

Na taka totur. Ni da ko keke ban taɓa tuƙawa ba, ga ni a kujerar direba da takalmin cikin gida, haƙorana sai haɗuwa suke don sanyi. Maƙwabcina Nea Zamfir yana tsugune a bayan motar cikin dusar ƙanƙara, ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya ɗago ya shinshina.

"Tururi ne," in ji shi.

Na fito na duba. Hayaƙin fari ne fat, mai kauri, ya kwanta a tsakar gidan ya ƙi tashi. Ga wani ƙamshi mai zaƙi kamar an ƙona sukari a tukunya.

Duk layinmu babu wanda Nea Zamfir bai koya wa karatun hayaƙi ba, ko kana so ko ba ka so. Tsohon bakaniken motocin haya ne, kuma bakinsa bai yi ritaya tare da hannunsa ba. Da hunturu yakan tsaya a ƙofar gida yana yanke wa motocin mutane hukunci. Shuɗi, inji na shan baƙin mai. Baƙi, fetur ya yi masa yawa. Fari siriri mai ɓacewa nan take, sanyi ne kawai. Amma fari mai kauri da zaƙi, ruwan lagireto ya shiga inji, sai a fara neman makabarta. Na sha jin wannan har na haddace.

"Nea Zamfir, kai da bakinka ka ce mai zaƙi..."

"Yaushe kika zama bakanike? Cikin wannan sanyin ko jariri ya yi numfashi sai kin ga hayaƙi. A ba ta wuri mai ɗumi ki gani in bai ɓace ba."

Na san abin da ke cin sa. Matarsa Safta tana gidan kula da tsofaffi a bayan dutse, kuma babu motar haya da ke bin hanyar da hunturu. Kowace Lahadi bayan coci yake kai mata tuwon masara da cuku a nannaɗe cikin tawul. Ba ta gane kowa sai shi. 'Yarsu Corina kuwa, da ke aiki a Italiya, ta riga ta yanke magana: ranar da motar ta mutu, ya rufe gida ya koma wurinta.

"In Corina ta kira ki, ba ki ga komai ba," ya ce, bai dube ni ba.

"Ba zan kira ta ba. Amma in ta tambaye ni, ni fa ba na ƙarya."

"Dama na sani. Bakinki ba shi da birki."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Sannan ya zare makulli.

Ranar Asabar da safe ya ƙwanƙwasa min taga, wai in ara masa hita ta lantarki, gwiwoyinsa sun hana shi sakat. Na ba shi. Na ce ya shigo ya sha kofi, ya ce yana da aiki. Bai kira ni taka totur ba, har na ji sanyi a raina, na ɗauka ya haƙura.

Wajen tsakar rana ina yanka kabeji na ji ƙarar injin, a toshe, kamar daga cikin rijiya. Na leƙa ta taga. Babu mota a tsakar gidansa, ƙofar gareji a rufe. Na ci gaba da yanka. Ƙarar ba ta hawa, ba ta sauka, kuma Nea Zamfir ba ya barin inji ya yi ta aiki haka ba dalili, mutumin da ke faɗa a kan ɗigon fetur. Na sake leƙawa. Ta saman ƙofar garejin wani farin zare yana fita a hankali.

Na ajiye wuƙar. Na fita ko mayafi babu, ina kiran Ilarie mai sayar da itace da ke ƙasan layi. Shi ya ɓalle sakatar da gatari. Ƙofar ta ƙi buɗuwa da sauƙi, domin an cusa tsummoki ta ƙasa an toshe duk inda iska za ta shiga. Ɗumi ya buge mu, hita tana ja jawur a kusurwa. Ilarie ya rufe hanci da hannun riga, ya kutsa ya kashe injin, ya jawo Nea Zamfir daga cikin motar zuwa waje ya kwantar a kan ƙanƙara. Ya daɗe yana danna masa ƙirji. Daga baya ya cire hularsa, domin rai ya riga ya yi halinsa.

"Gobe Lahadi," na ce, ban san ma na faɗa ba.

"Wa zai je ya gaya mata?" in ji Ilarie.

 Tausayin Safta ya fi ƙarfina, na juya na shiga garejin don in kashe hita. Hayaƙin ya fara janyewa. A jikin bangon baya, daidai saitin salansa, Nea Zamfir ya jingine dogon madubin ɗakin matarsa, ya karkata shi yadda zai riƙa hango hayaƙin daga kujerar direba, ya ga ko zai ɓace cikin ɗumi, ba tare da ya nemi kowa ba. Madubin ya yi gumi, ruwa yana gangarowa ta tsakiyarsa zuwa ƙasa.