'Yar Tsana Ta Tafi Kwana

Kwana tara na yi ina ɗinka 'yar tsanar nan. Jikinta daga tsohuwar farar rigar babansu na yanka, na tafasa ƙyallen da ɓawon albasa har ya yi launin fatar mutum, na cusa mata auduga, na warware wata rigar sanyi da ta yi wa yaran kaɗan na yi mata gashi. Idanunta maɓallai ne guda biyu, kuma sai da na cire na sake dasawa sau uku kafin ta daina hararar mutane.

'Yata na yi wa. Shekararta biyar, muna kiran ta Aku, don tun da ta koyi magana ba ta ajiye ba. Ƙanenta yana da shekara biyu, shi aikinsa ci da ɓarna. Babansu yana aikin hanya, sai ya yi sati uku bai leƙo mu ba. Gidanmu shi ne na ƙarshe a layi, kuma kusan duk abin da ke cikinsa hannuna ne ya yi. Sabulu ina haɗa shi da ruwan toka da mai. Tumatir da ganye suna cikin tsofaffin tayoyi a bayan ɗaki. Kaji huɗu suna ba mu ƙwai. Motocin wasan yaron gwangwanaye ne da murafun kwalba. In babansu ya dawo ya kalli tsakar gida, sai ya ce, "Saura ki ƙera mana mota, in huta da tasha."

Ina jin daɗin maganar, ba zan ɓoye ba. Na ɗauki alkawari yarana ba za su tashi da abin da ban san da me aka yi shi ba. Shi ya sa ba na barin su shiga maƙwabta, inda talabijin ke kunne tun safe, alewa kuma kamar abinci. Ni ma ban shiga ba. Ba na aron komai, to me zai kai ni? Wata takwas a layin ban san cikin ɗakin kowa ba. Da rana ina jin matan suna dariya a ƙofar wani gida, sai in ƙara taka keken ɗinki don ƙararsa ta rufe ta. Kaɗaici yana damuna ƙwarai, amma ko babansu ban taɓa gaya wa ba.

A katangar da ta raba mu da gidan wata nas akwai wurin da bulo ɗaya ya zube daga ƙasa, bayan tayoyin tumatir. Nas ɗin tana da yarinya sa'ar Aku, mai giɓi a gaba. Na san su biyun suna kwanciya rubda-ciki suna hira ta ramin. Na ƙyale, don hira ba ta lalata haƙori.

Wata safiya ina kakkaɓe shimfiɗar Aku sai wani abu ya faɗo. 'Yar tsanar roba ce, hannu ɗaya babu, gashi a cukurkuɗe, an zane mata fuska da biro. Na ɗaga ta da yatsu biyu.

"Wannan kuma daga ina? Ina taki?"

"Tana gidansu Mai Giɓi."

Ban tsaya jin sauran ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, na ce a raina. An ga yarinya ba ta da wayo an yi mata musaya, aikin kwana tara da tarkacen da ko a bola ba zan duba ba. Na goya ƙanenta, na yafa mayafi, Aku tana bina tana "Mama tsaya, Mama tsaya," na ce ta zauna ta jira ni.

Wannan ne shigata ta farko gidan maƙwabta. Nas ɗin ta dawo daga aiki kenan, ko takalmi ba ta cire ba. Ta ga ni ce, fuskarta ta washe.

"A'a, yau maƙwabciya ce a gidanmu? Sannu da zuwa. Shigo mana, ga kujera."

"Ba zama zan yi ba. Ga abin 'yarki, a ba ni na tawa. In tana son irinta sai a yi magana, ba a bi ta rami a yi wa ƙaramar yarinya wayo ba."

Murmushin ya tafi. Ta kira 'yarta. Yarinyar ta fito rungume da 'yar tsanar, ta lulluɓe ta da ɗan tawul, har ta ɗaura mata ribon a gashi. Uwar ta ɓamɓare hannunta a hankali ta miƙo mini. Ina fita ina jin kukan yarinyar, ni kuwa ina jin na ƙwato haƙƙi.

Na ajiye wa Aku abarta a cinya. Ba ta taɓa ta ba.

"Ba musaya muka yi ba, Mama. Kwana ta je."

"Kwana?"

"Ni ba kya bari in je. To ita take zuwa, ta kwana, da safe ta dawo ta gaya mini yadda ɗakinsu yake. Ta Mai Giɓi ita ma ta zo ta ga namu. Yau kwana huɗu muna yi. Da safe ake mayarwa, ke ce kika riga ni ɗaga shimfiɗar."

Na tambaye ta me 'yar tsanar take gaya mata. Ta ce gadon Mai Giɓi yana da bene, kuma mamanta tana yi mata waƙa da muryar maza don ta yi dariya.

Washegari da hantsi na ji ana kwaɓa siminti a bayan katanga. Kafin in gama shanya, mijin nas ɗin ya toshe ramin da sabon bulo, ya shafe shi sumul. Ban ga laifinsa ba. Aku ta je ta tsuguna a bayan tayoyin, ta taɓa simintin da yatsa, ta dawo ta zauna a bakin ƙofa. Gidan ya yi shiru har ina jin kaji suna tono.

Abin da na iya shi na yi. Na ɗauko sauran rigar babansu don in ɗinka wa Mai Giɓi tata 'yar tsanar, na sake tafasa ɓawon albasa. Wannan karon kwana shida na yi, na yi mata riga mai aljihu, har giɓi na bar mata a baki da farin zare. Aku tana miƙo mini auduga, ta fara ɗan magana.

"In kin kai mata, za su buɗe ramin?"

"Za su buɗe," na ce, kamar ni ce mai gidan.

Na zaɓi ranar da na ji nas ɗin tana gida. Na yi sallama, ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Ta amsa gaisuwata da mutunci, amma ba ta ambaci kujera ba. Na ba ta haƙuri, na ce zuciya ce ta ɗebe ni, ban san wasan da suke yi ba. Na buɗe ƙyallen da na naɗe 'yar tsanar na nuna mata.

Ta kalli 'yar tsanar ta daɗe. "Kin iya hannu, wallahi. Kuma ya wuce, ban riƙe ki ba. Amma ki bar ta a wurinki."

"Kyauta ce. Ba zan zo karɓa ba."

"Na sani. Kwana da kwanaki yarinyar nan ta yi tana tambayata ko ita ɓarauniya ce. Sai jiya ta daina. In ta ga wannan, mun koma farko."

Na ce to ko in kawo Aku ta yi wasa a nan, ko na awa ɗaya. Ni ce yau nake roƙon a bar 'yata ta shiga gidan talabijin. Ta gyara tsayuwa ta ce yanzu yarinyar a gidan kakarta take yini, sai dai a ga yadda hali zai yi. Na san irin wannan amsa, ni ma na sha ba da ita.

Taku ashirin ne tsakanin ƙofarsu da tamu. Matan layin suna zaune a inuwa, suka yi mini sannu, na amsa, suka koma hirarsu. Na so ƙwarai ɗaya ta ce in zo in zauna, amma wa zai ce? Na koya musu ba na zama.

Aku tana bayan ƙofa. Ta kalli hannuna, ta ga ƙyallen yadda ya fita haka ya dawo. Ta karɓa ta warware, ta ɗauko tata ta zaunar da su biyun a kan tabarma, kafaɗa da kafaɗa, ta gyara wa sabuwar riga.

"Kin ga, ke kin samu ƙawa," ta ce wa tsohuwar. Sai ta ɗago ta kalle ni. "Mama, saura ni da ke."