Ƙarin Gishirin Baba

Notin ƙarshe ya kuɓuce wa Auta ya gangara ƙarƙashin kujera, ta bi shi da rarrafe tana tsaki.

"Shi ke nan, kin kashe shi," in ji Yayanta daga bakin ƙofa, yana kaɗa makullin mota a yatsa. "Gem ɗin da ya girme ki, yau kin farke masa ciki a kan teburin cin abinci."

"Yaya, don Allah matsa, ka tare mini haske."

Ita Auta gyaran waya take yi a kasuwa, hannunta ya saba da ƙananan abubuwa, amma yau lokaci ya ƙure mata. Tsohuwar na'urar wasan gidansu ce a gabanta, mai ruwan toka, irin wadda ake zura wa kaset a haɗa da talabijin. Da la'asar kuma Yaya zai kai Baba asibiti. Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa, na daman za a yi wa aiki gobe, likita kuwa bai ɓoye musu ba: ko jin ya ƙaru, ko ɗan abin da ya rage ya tafi.

To, bari ka ji asalin maganar. Baba ya yi aikin jirgin ruwa da ƙuruciyarsa, ya dawo da labarai sun fi tsaraba yawa. Ya ga kifin da ya kai bas girma. Ya je ƙasar da in ka tofar da yawu sai ka ji ya faɗi ƙwas kamar tsakuwa, don sanyi. Tun a lokacin Mama ta raɗa masa suna Ƙarin Gishiri, sunan kuwa ya bi shi. Cikin tsarabar akwai wani kaset mai rubutun da ba wanda ya iya karantawa, sai da aka samo masa mahaɗi kafin ya shiga bakin na'urar. Duk sanda yara suka kunna shi, Baba zai tsaya a bayansu yana girgiza kai.

"Ba haka kiɗan nan yake ba. A shagon da na saya, akwai wata sarewa a ƙarƙashinsa, tana kuka."

Sai ya rera ta da hanci, yara su faɗi ƙasa don dariya. Yaya ya fi kowa iya kwaikwayonsa, har baƙi yake yi wa. A hankali Baba ya daina rerawa, ba wanda ya lura da ranar da ya daina.

Makon jiya ne Auta ta ci karo da bidiyon wani mai gyara a wayarta. Ashe kaset irin na can da nasa abin sauti a ciki, na'urorin da aka sayar a nan ne ba a buɗe masa hanya ba. A ƙasan na'urar akwai jerin ƙafafun ƙarfe da ba a taɓa amfani da su ba. Biyu daga ciki za a haɗa da rizista, wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai zane-zane. Shi ke nan fa!

Ta ƙirga ƙafafun daga hagu yadda ta gani, ta ɗiga dalma, hayaƙi ya shige mata ido. Ta jona wayar wuta ta kunna. Hoto ya fito, amma maimakon kiɗa sai wani zuuu kamar ƙudan zuma a tulu.

"Madalla," in ji Yaya. "Dā sarewa ce babu, yanzu kiɗan ma ya bi ta."

Auta ta kashe, ta kunna, ta hura kaset, ta sake kunnawa. Zuuu. Ta miƙe, ta zauna, ta mayar da bidiyon baya. Zufa ta jiƙa mata wuya. Inuwar taga ta riga ta hau rabin tebur. Daga ɗaki ana jin Mama tana haɗa jaka tana faɗa da ƙarfi, don yanzu sai da ƙarfi ake yi wa Baba magana.

"Kai dai ba ka girma! Dubi yadda ka sa rigar nan a baibai. Haka za ka je gaban likita?"

Auta ta tsaya cak. A baibai. Ta dubi allon cikin na'urar da ke gabanta: a kife yake, shi kuwa mai bidiyon ta sama ya nuna nasa. Hagunsa damanta ne.

"Yaya, ɗan ba ni lokaci kaɗan."

"In muka shiga cunkoso, ke za ki yi wa likita bayani."

Ya fita, sai ga hon ɗin mota. Ta narkar da dalmar, ƙarfen narkarwar mai zafi ya lashi yatsarta, ta sa a baki, ta ƙirga daga dama. Hon ya sake tashi. Ba ta ko mayar da murfi ba ta kunna.

Kiɗan da suka sani tun suna yara ya fito, tin-tin-tin ɗinsa na kullum. Sai kuma daga ƙarƙashinsa wata siririyar murya ta taso, ta hau, ta karye, ta sauko a hankali. Ko gishiri ɗaya Baba bai ƙara mata ba.

Mama ta fito da jaka a hannu, ta manta ba ta ajiye ba. Yaya ya shigo da niyyar faɗa, makullin ya daina kaɗawa a yatsarsa.

Auta ta kamo hannun Baba ta zaunar da shi, ta juya kunnensa na dama wajen talabijin, ta ƙure ƙara. Ya daɗe bai motsa ba, har ta fara tsoron ko ta makara. Can sai hancinsa ya ɗauka, yana tafiya tare da sarewar, ba ya gaba ba ya baya.

Yaya ya sosa ƙeya. "Baba, ashe gaskiya ne."

"Me ka ce?"

"Na ce ashe gaskiya ne!"

"Zagayo ta wannan kunnen, ɗana, ka maimaita."

Mama ta kai masa duka da gefen mayafi. "Ya ji sarai, ƙyale shi."

Baba ya miƙe, ya gyara hularsa, ya dafa kan Auta. "Ita ce, Autata. Ita ce. Sai dai a can har da ganguna."

"Kun ji ko!" in ji Mama. "Mu tafi, Ƙarin Gishiri, kafin ka ce da mawaƙa a ciki."

Motar ta tashi, gidan ya yi tsit. Auta ta ɗauki murfin za ta rufe, sai idonta ya faɗa kan sauran ƙafafun nan, jere reras, ba wanda ya taɓa su. Ta ajiye murfin a gefe, ta sake jona ƙarfen dalma a wuta.