Tagar Malama Tabarau

"A'a, kada ku kwantar da ni haka. Ku juya gadon, kaina ya koma wajen taga."

Mu uku ne muka kama gadon, ni da ƙanwarta da direban tasin da ya kawo ta daga asibiti. Direban ya dube ni, na dube shi. Ɗakin ƙarami ne, in za a juya gado sai an fitar da kabad, kabad kuma ba shi da wurin zuwa sai tsakar gida. Ita kuwa Malama Tabarau tana zaune a kujerar roba a bakin ƙofa, an lulluɓe ta da bargo, tana ba da umarni kamar mai jera yara a layin safe.

"Yaya, iska za ta dame ki a wajen," in ji ƙanwar.

"Iska ta dame ni, ke dai kada ki dame ni. Ku juya."

Muka juya. Aka jingine kabad kusa da famfo, aka rufe shi da leda.

Malama Tabarau maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma makaranta ɗaya muke koyarwa, firamaren da ke bayan layinmu. Ni lissafi nake koyarwa, ita karatu da rubutu, sannan darasin addinin Kirista. Yara ne suka sa mata Tabarau saboda wani ƙaton gilashi da take ɗaure wa zare, sunan ya bi ta har ofishin hedimasta. Ita ma ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai dai Lissafi. Ni Musulma, ita Kirista. Mun shekara da shekaru muna miƙa wa juna gishiri da ashana ta kan katanga, mun yi faɗa a kan igiyar shanya ba sau ɗaya ba. Ba zan ce mu aminai ba ne. Tana da baki, ni ma ba a bar ni a baya ba.

Likita ya ce ƙodarta ta gama aiki, a kai ta gida ta huta. Babu wanda ya nemi ƙarin bayani.

Da muka kwantar da ita sai na gane abin da take nufi da tagar. Bayan tagar akwai ɗan lungu da bai fi taku biyu ba, sai wayar shingen makaranta, sai filin da ganyen bishiyoyi ke taruwa, sai ɗakin ƙarshen baranda. Ɗakinta ke nan a makaranta.

Yadda muke yi shi ne, Talata da Alhamis, darasi na biyu na addini ne. 'Ya'yan Musulmi, su ne mafi yawa, suna zama a azuzuwansu malamai su same su. 'Ya'yan Kirista na makarantar gaba ɗaya, ba su kai ashirin ba, sai su tattaru a ɗakin ƙarshen baranda, manya da ƙanana. Hedimasta kuma yana da doka wadda ko sabon ɗalibi ya sani: ajin da babu malami a ciki ba aji ba ne, yaron da ba shi da malami tsintsiya ce rabonsa. Malamin da ke riƙe da aikin mako shi ke raba musu wurin shara. Cikin malamai ita kaɗai ce Kirista. Tun da ta kwanta asibiti, duk lokacin addini yaranta suna tsakar makaranta da tsintsiya.

Da direban ya tafi, ta sa ƙanwarta ta ciro wani makulli daga jakarta.

"Riƙe, Lissafi."

"Na mene ne?"

"Kin sani. Darasi na biyu ba ki da aji ran Talata, ba ki da shi ran Alhamis. Na duba."

"Yaya Tabarau, ni ko bangon littafinku ban taɓa buɗewa ba. Me zan koya musu?"

"Wa ya ce ki koya musu? Allah ya kiyaye, ki ɓata mini yara. Ki buɗe ƙofa ki zauna, shi ke nan. Dokar cewa ta yi malami, ba ta ce wane iri ba. Su sun san abin da za su yi."

"Ki bari in yi tunani."

"Yi tunaninki da makullin a hannu. Ni ba ni da lokacin jiran tunanin mutane."

Na karɓa, ba don raina ya so ba. Mutum yana kwance yana miƙo maka abu, ba ka barin hannunsa a sama.

Ran Talata na buɗe ɗakin. Benci huɗu, allo mai tsagewa, ƙurar makonni. Na ajiye kujerata a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, na ɗora littattafan 'yan aji biyar a cinya na fara maki. Yaran suka shigo suna satar kallona. Babbarsu, 'yar tela ta aji shida, ta tsaya gaba ta ce kowa ya rufe ido. Suka yi addu'a, ta karanta musu wani wuri, ta yi tambayoyi, ta ranƙwashi wanda bai amsa ba. Daga nan suka tashi waƙa. Ni ban rufe ido ba, ban ce amin ba, ban ɗaga kai daga jan birona ba. Waƙar dai, gaskiya, ba daɗi. Kowa da tasa muryar, ƙananan suna gudu, manyan suna jan ƙafa.

Da yamma na leƙa ta. Kafin in gama sallama ta ce, "Ki gaya wa 'yar tela ta daina fara waƙa daga sama. Ƙananan ba sa kaiwa. Kuma wane ne mai tarin nan?"

"Har tari kika ji?"

"Ni da nake kwance ba aikin fari ba na baƙi, me zai hana?"

Ba ta ce na gode ba, amma ta sha rabin kofin shayin da ta ƙi tun safe.

Haka muka yi ta yi 'yan makonni. Jikinta na raguwa, ƙafafun na kumbura, amma Talata da Alhamis ƙanwarta kan tada ta da filo, a buɗe murfin taga ɗaya. Da yamma in karɓi gyare-gyare in kai wa 'yar tela, kamar 'yar aike. Maigidana ya tambaye ni sau ɗaya, yana sa takalmi.

"Ke dai kin san abin da kike yi ko?"

"Zama nake yi."

"To. Zama ma wani lokaci magana ce."

Ruwa ba ya tsami banza. Wata Laraba hedimasta ya aiko a kira ni. Mutum ne mai sanyin hali, saura kaɗan ya yi ritaya, burinsa duka ya fita ba a ambaci sunansa a ko'ina ba. Ya ce in zauna, ya cire hula ya ajiye a tebur.

"Malama, jiya iyaye kashi biyu suka zo mini. Da safe wani makanike, 'ya'yansa biyu na ɗakin can, ya ce ya ji Musulma ce ke koya musu addininsu, shi bai yarda ba. Da rana wasu uku daga cikin namu, suka ce malamar 'ya'yansu ta koma zama a coci cikin lokacin aiki. Gaba kura, baya sayaki."

"Ranka ya daɗe, ban koyar da komai ba. Maki nake yi a bakin ƙofa."

"Na sani. Ni ne zan bi su gida-gida in yi bayani? Na nemi a turo mana malamin Kirista tun da ta kwanta, har yau shiru. Fastonsu ya zo ya ce zai riƙa shiga, na ce ba ni da ikon sa wanda ba ma'aikaci ba a aji. In an turo malami, a ranar zan buɗe. Kafin nan a rufe."

"Matar nan tana jin su daga gadonta. Abin da ya rage mata ke nan."

Ya dubi hularsa. "Allah ya ba ta sauƙi. Kawo makullin, Malama."

Na ba shi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ran Alhamis yaran suka koma tsintsiya, aka tura su bakin babbar ƙofa, can gaban makaranta. Da na dawo gida na yi wanki, na yi girki, na share inda ba ya bukatar shara. Sai da rana ta yi sanyi na shiga wurinta. Ƙanwar na zaune a ƙasa tana matsa mata ƙafa.

"Yau ban ji su ba," in ji ta. Muryar ta koma ƙarama.

Na yi niyyar cewa an yi gwaji ne. Amma mace ce da ta shekara talatin tana kama yara da ƙarya, ba ni zan fara cin nasara ba. Na gaya mata yadda aka yi.

"Su wa suka kai ƙarar?"

"Naku da namu."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ƙanwar ta miƙa mata ruwa. "To, madalla. Ashe akwai abin da za su haɗa kai a kansa."

Ta mai da idonta kan tagar.

"Lissafi, ba mutuwar ce ke damuna ba, na san inda za ni. Yaran ne. Yaron da duk lokacin da ake kiran Allah a makaranta shi aka miƙa masa tsintsiya, me kike so ya ɗauka? Ba zai faɗa ba, amma zai riƙe. Na so in tafi ina jin ɗakin nan da mutane."

"Za a turo wani."

"Za a turo," ta ce, yadda ake amsa wa yaro.

Daga ranar ta daina karɓar abinci. Asabar fasto ya zo da wasu mata, suka yi mata addu'a a hankali. Lahadi ba ta gane ƙanwarta ba sai da aka faɗa mata. Litinin ta farka ta tambaya ko yau Talata ce, aka ce a'a, ta koma barci.

A wannan makon aikin mako ya faɗo kaina. Ran Talata na fita da wuri saboda buɗe ƙofa da duba layi. Na tsaya jikin katanga na kira ƙanwar.

"Yaya ta kwana?"

"Tana numfashi dai."

Da aka buga ƙararrawar darasi na biyu, azuzuwa suka ɗauki karatu, yaran ɗakin ƙarshe suka zo suka tsaya gabana kowa da tsintsiyarsa, suna jira in raba su. A al'ada biyu ake turawa nan, uku can.

"Duk ku bayan baranda, jikin waya."

"Duk mu, Malama?" in ji 'yar tela.

"Duk ku. Ganye ya taru."

Na bi su. Muka wuce ɗakin da kwaɗo a ƙofarsa, muka zagaya baya. Suka jeru jikin shingen suka fara shara. Tagar na nan tsallaken waya, murfi ɗaya a buɗe, labule a sake.

"Ku saurara," na ce. "Ni shara na sa ku. Ban ce ku yi wani abu ba, ban kuma ce kada ku yi ba. Hannu ne ke shara, baki na mai shi ne."

Ƙananan ba su gane ba. 'Yar tela ta dubi tagar, ta dube ni, ta sunkuya ta ci gaba da shararta. Can sai ta ɗauko waƙar, ƙasa-ƙasa. Na kusa da ita ya kama, sai na gaba, har ta kai ƙarshen layi. Ba wanda ya miƙe tsaye, ba wanda ya ajiye tsintsiya. Wanda ya hango daga ofis yara zai gani suna aikin da aka sa su.

Labulen ya motsa. Na matsa jikin waya, ina shirin jin wane gyara za a aiko da shi yau. Fuskar ƙanwar ce ta fito. Ta bayan kafaɗarta na hango gadon, an ja farin zane har ya rufe filo.

"Ɗazu," ta ce a hankali. "Kafin a buga ƙararrawa."

Na yi salati a zuciyata. Na juya zan ɗaga wa yaran hannu su daina.

"A'a, Malama," in ji ta. "Bar su su kai ƙarshe."

Na sauke hannun. Na gyara tsayuwa, na ba tagar baya, na buɗe mayafina kaɗan yadda ko mai tsawon cikinsu ba zai hango ciki ba. Suna tafe suna shara suna waƙa, ganyen na taruwa gabansu. Wani ɗan aji ɗaya ya ɗago ya dube ni ko ya yi daidai, na gyaɗa masa kai. Ta bayana na ji ƙanwar tana dukan ɗaya murfin tagar da tafin hannu, wanda tsatsa ta riƙe, har ya saki ya buɗe gaba ɗaya.