Yadda Ake Ba Auta Abinci

Kwana huɗu da binne Umma, Auta bai sa komai a bakinsa ba sai ruwa, shi ma kurɓi ɗaya-biyu.

Auta ƙanena ne. Shekararsa talatin da ɗaya, ya fi ni tsawo, yana da gemu, amma tunda aka haife shi bai taɓa haɗa kalma biyu ba. Yana ji, yana ganewa, sai dai ba kowa ya san ta inda ake ɓullo masa ba. Umma kaɗai ta sani. Ni kuwa tunda na yi aure na koma can ƙarshen gari, zuwana na ranar hutu ne. In zo da ledar lemo, in shafa masa kai, in share gidan tas, in jera wa Umma kwanukanta daga babba zuwa ƙarami, in tafi ina jin na sauke nauyi. A ofis ma aikina ke nan, jera fayil da zubar da wanda ya tsufa. Shi ya sa Umma ba ta kirana da komai sai Uwar Tsafta, kuma ba kullum yabo ba ne.

A kwana huɗun nan babu abin da ban gwada ba. Na dafa shinkafa, na soya ƙwai, na jiƙa burodi a shayi. Na lallashe shi, na yi masa waƙa da muryata mai kama da ta ƙofar da ba a sa wa mai ba, har sau ɗaya na daka masa tsawa, na koma kicin na yi kuka. Yana zaune a kujerarsa ta gefen taga, hannuwansa a kan gwiwa. In na kawo cokali kusa da bakinsa sai ya juya fuska a hankali, ba fushi ba komai. Rashin fushin ne ya fi ci mini rai.

Da safiyar rana ta biyar likita ya zo, ya ja fatar hannun Auta, ya leƙa idonsa.

"In bai ci ba zuwa gobe, sai mu kwantar da shi," in ji shi. "Za a sa masa roba ta hanci a riƙa ba shi abinci."

Na san abin da hakan yake nufi. An taɓa kwantar da Auta sau ɗaya, shekaru da yawa da suka wuce. Sai da aka ɗaure masa hannuwa a jikin gado, kuma da ya dawo gida ya yi wata biyu ba ya yarda kowa ya taɓa shi. A lokacin akwai Umma. Yanzu in aka ɗaure shi, ni zai gani tsaye a kansa.

Bayan likita ya fita ne maganar Umma ta faɗo mini. A gadon asibiti, ana saura kwana biyu ta cika, na tambaye ta ya zan yi da Auta. Ta ce, "Kar ki damu, na rubuta. Yana cikin waya." Umma ba ta yi karatu mai nisa ba, amma tunda ta koyi rubutu a waya ta kama shi hannu biyu, da yatsa ɗaya take danna harafi tana motsa leɓe.

Na ɗauko wayar daga ƙarƙashin matashinta, na sa a caji, na buɗe wajen ajiye rubutu. Wayam, ko layi ɗaya babu.

Na tsaya ina kallon farin allon, sannan na zauna a bakin gado. Na san wanda ya share. Wata huɗu da suka wuce Umma ta ce wayarta ta cika, ta ƙi ɗaukar hoto. Na karɓa da ƙwarewata ta 'yar ofis. Da na shiga wajen rubutu sai na ga jeri har ɗari shida da sha biyu, kuma kowanne sunansa ɗaya: Bismillahi. Na buɗe biyu, ɗaya babu komai bayan kalmar, ɗaya kuma sabulu da ashana ne a ciki. Na yi dariya, na ce yatsan Umma ne yake ta haifar abu ɗaya. Na zaɓe su duka na share. Kuma da yake ni ba na rabin aiki, na shiga kwandon sharar wayar na zubar da shi. Na miƙa mata ina cewa, "Ga ta nan, ta koma sabuwa." Ta ce Allah ya yi mini albarka.

Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa waya layin farko take ɗauka ta mai da shi sunan rubutu ba, kuma Umma ko takardar cefane ba ta farawa sai da sunan Allah.

Na roƙi maƙwabciyarmu ta zauna da Auta, na fita. A bakin titi, tsakanin mai sayar da taya da kantin magani, akwai wani ɗan shago na mai gyaran waya, dattijo mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Teburinsa cike yake da wayoyi a buɗe da ƙananan kusoshi a cikin murfin kwalba. Na ajiye wayar, ban kai ga buɗe baki ba ya juya ta, ya shafa salatif ɗin da aka liƙe tsagewar bayanta.

"Ni na liƙa wannan," ya ce. "Ina mai ita?"

Na gaya masa. Ya cire tabarau ɗin idonsa, ya yi mata addu'a, ya daɗe bai mayar da shi ba.

"To ke ce Uwar Tsafta."

"Ni ce, Baba."

"Rubutun kike nema."

Na ce eh, na fara bayanin kwandon shara, ya ɗaga hannu.

"'Yata, na riga ki nema. Washegarin ranar da abin ya faru ta zo nan. Ga kujerar da ta zauna. Da a kwandon aka bar su, da suna nan har kwana talatin. Na duba ko wayar tana ajiye kwafi a wani wuri, ashe ba a taɓa kunna mata hakan ba. Na haɗa ta da kwamfuta, na bi ta lungu-lungu. Babu."

"Me ta ce?"

Ya dube ni kamar yana auna ko zan iya ɗauka.

"Ta ce rubutun shekara bakwai ne. Duk abin da ta gano game da ɗan'uwanki, ranar da ta gano shi take rubutawa, don wanda zai riƙe shi bayanta. Na ce ta gaya miki mana. Ta ce a'a, yarinyar taimako ta yi, in ta sani ba za ta ƙara barci ba."

Ban san lokacin da na dafa teburin ba, kusoshinsa suka zube. Na durƙusa zan tsince, ya ce in bar su. Wata huɗu ina zuwa gidan nan ina jera kwanuka, tana kallona tana sa mini albarka.

"Amma a asibiti ta ce ta rubuta," na ce. "Ko zafin ciwo ne?"

"Ba zafin ciwo ba ne. Ta ce za ta sake daga farko, sai dai tana so in koya mata inda tsintsiyarki ba za ta kai ba. Haka ta faɗa, kar ki ga laifina. Na nuna mata yadda za ta fitar da rubutu ta mai da shi fayil, ta ajiye a foldar da ta ga dama, sannan ta goge na cikin manhajar. Sau biyar muka maimaita. Inda ta zaɓa ne ban sani ba."

Ya jawo wayar gabansa, ya sauko da tabarau na biyu. Ya shiga wajen fayiloli, ya duba foldar takardu, babu. Ya duba ta abubuwan da aka sauke, sai hotunan gaisuwar safiya da 'yan'uwa suke turo mata. Ya rubuta Bismillahi a wajen nema, wayar ta yi ta juyi ta ce ba ta gani ba. Ni dai ina tsaye ina kallon agogon bangonsa, ina lissafin awannin da suka rage wa Auta.

"Bari mu daina neman suna," ya ce. "Mu ce ta kawo duk fayil ɗin rubutu, sabo a sama."

Sai ga su, guda uku, babu ɗaya mai suna sai lambobin kwanan wata. Ya danna ya ga inda suke zaune, ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba, ya juyo mini da allon. Suna cikin wata folda mai suna Uwar Tsafta. Hotunana ne a ciki, tun daga na makaranta har na bara, fayilolin uku a can ƙasa.

Kafin in buɗe ko ɗaya sai da ya tura kwafinsu zuwa wayata da kwamfutarsa. Na ce nawa ne, ya ce in tafi ɗan'uwana yana jira.

A kan dakalin kantin magani na karanta. Na farko na magani ne, wanne da safe, wanne bayan abinci. Na biyu ya fara kamar haka:

"Bismillahi. Uwar Tsafta, nan na ɓoye, don na san ba za ki share kanki ba. Kar ki yi kuka, ba ki sani ba ne. Abincin Auta. Auta ba a ba shi abinci. In kika kai masa cokali baki gani yake an raina shi. Ki zuba a faranti ɗaya, shuɗin nan mai tsaga, kar ki jefar da shi. Cokali biyu. Ki zauna ta hagunsa, kar ki kalle shi. Ki ci loma uku, ki aje cokali, ki ce wash na gaji, wa zai taimake ni. Shi ke nan. Auta ba ya ci don yunwa, don taimako yake ci. Zai rage loma ta ƙarshe ya turo miki. Ki cinye ko kin ƙoshi, in ba haka ba zai ɗauka bai yi daidai ba."

Na uku an rubuta shi ne kwana shida kafin a kai ta asibiti. Gajere ne.

"Bismillahi. Waɗanda suka rage in rubuta. Wanka. Aski. Yankan farce. In ana tsawa. In baƙi sun yi yawa. In ya neme ni."

Na ja allon sama ko akwai ci gaba. Iyakarsa ke nan.

Shuɗin farantin ban same shi cikin kwanuka ba. Sai da na tuna ni da kaina na fitar da shi a zuwana na ƙarshe kafin a kwantar da Umma, na sa shi cikin kwalin tarkacen da za a zubar. Kwalin yana nan a bayan ƙofar kicin, Umma ba ta bari an fita da shi ba. Na wanke farantin, na zuba shinkafa, na ɗauki cokali biyu. Maƙwabciya ta kalle ni, na ce ta je na gode.

Na jawo kujera ta hagunsa. Rana tana shigowa ta taga tana sauka a kan gwiwoyinsa. Na kafa idona a bango, na ci loma ɗaya, biyu, uku, ko ɗanɗanonta ban ji ba. Na ajiye cokali.

"Wash, na gaji," na ce. Muryata ta karye, na sake. "Na gaji. Wa zai taimake ni?"

Ba ƙarya na yi ba ko kaɗan.

Auta bai motsa ba har na fara tunanin robar hanci. Sai na ji ƙarar cokali a jikin faranti. Ban juya ba. Ina jin yana tauna a hankali, yana haɗiyewa da ƙyar saboda maƙogwaron ya bushe, hawaye yana zubo mini har cikin wuya, ban isa in share ba kar ya ga na motsa.

Da ƙarar ta tsaya na saci kallo. Ya tara loma ta ƙarshe a gefe, ya gyara ta da bayan cokali. Ya ɗauki farantin da hannu biyu, amma ba ni ya miƙa wa ba. Ya miƙa shi wajen ƙofar ɗakin Umma, ya riƙe a haka yana jira.

Wannan shi ne "In ya neme ni", yana cikin waɗanda suka rage ta rubuta. Wataƙila amsarsa tana cikin ɗari shida da sha biyun nan. Ban san abin da ake cewa ba, don haka na zauna ta hagunsa muna kallon ƙofar tare, har hannuwansa suka gaji.

Sannan ya sauke farantin, ya turo shi kan cinyata. Na ɗauki cokali na cinye.