Yayen Mai Furfura

Tun ranar da Salma ta ce mata za a yaye Dawuda, Inna Fadimatu ba ta sake samun sukuni ba. Salma matar Dawuda ce, Dawuda kuwa ɗan farin Inna, shi kaɗai ya rage mata a Tafashiya. Ƙannensa duk birni ya kwashe su.

Yaye? Ƙaton mutum mai furfura a gemu, har da jika! Ita dai ta san duk Asabar yana tafiya wai karatun jami'a na manya, ya dawo ya kama fartanya. Amma yaye ai ta san shi sarai: a ɗauke yaro daga gaban uwa a kai shi wani gida, ita kuma ta yi ta haɗiye kuka. Kuma ta ga halin boko, duk wanda ya gama sai dai a ji ya tare a Kaduna. Tsoro ya kama ta ƙwarai, ga kunyar ɗan fari ta hana ta tambaya.

Ran nan da hantsi ya zo gaishe ta, ya durƙusa bakin ƙofa. Ta kau da kai, kamar da bango take magana, ta ce, "To in sun yaye mutum, wane gari suke kai shi?"

Dawuda ya yi sororo, can ya gane. "Haba Inna! Riga ce da hula kawai za a sa mamu, a ɗauki hoto, in hawo motar Kankiya in dawo."

"Aikin gwamnatin fa?"

"Wa zai ɗauki tsoho aiki? Ni ba don aiki na yi ba. Tun da Baba ya rasu na bar makaranta na kama gona, abin ke ci mani rai. Yarana na zancen karatu, ni in yi tsit kamar baƙo a gidana. Yanzu na ƙarasa, hankalina ya kwanta. Ba inda za ni."

Wayyo daɗi! Inna ta sauke ajiyar zuciya, ta goge ido da bakin mayafi.

"To tunda kana nan, akuyar maƙwabcinmu Kabo ta cinye mani darni, ka gyara." Ta sake kau da kai. "Kuma ka tambaye su ko ana barin tsoffi su shiga. Ina son in gan ka cikin rigar."