Juya

Mai shago ya ɗora mata hedifon na huɗu, abin jin kiɗa a kunne, a kai, a bisa ɗankwali, ya murɗa sauti. Uwar Biyu ta ji gangar ta dake ta har cikin haƙora.

"Kai, rage! So kake ka kashe min kunne?"

"Ai shi ne mai kyau, Hajiya. Kin ji yadda ya toshe hayaniyar titi? Irinsa masu sa kiɗa ke nema. Bayansa a rufe yake, kunnen yana lanƙwasawa, wayar kuma in ta tsinke a sauya wata."

Ita tela ce, abin da ta sani allura da zare. Hedifon ɗin nan ba nata ba ne, na maƙwabcinta ne, tsohon da duk layin ke kira Baba Faifai. Shekara talatin da wani abu yana sa kiɗa a wuraren taro. Katanga ɗaya ta raba su, kuma ba ƙaramin faɗa suka sha ba a kan katangar nan: ita tana cewa kiɗansa ya hana 'yan biyunta barci, shi yana cewa keken ɗinkinta ba ya bin kiɗa, ta kai shi makaranta. Wata uku ke nan da ciwo ya shanye masa jiki, ya karya masa harshe. Layin ya yi tsit, har Uwar Biyu ta ji tana kewar abin da ta yi shekaru tana zagi.

Matarsa, wadda take kira Yaya, ita ta zo mata da maganar da safe.

"Kaset ɗin yarinyar nan yake ta nunawa da ido. Na kunna masa a rikoda, ba ya ji. Tsohon hedifon ɗinsa kuma soson ya ruɓe, waya ta tsinke. Likita ya ce mu... ya ce dai a yi masa abin da yake so."

Yarinyar 'yarsu ce tilo. Ta rasu shekara tara da suka wuce. Waƙa ɗaya uban ya taɓa ɗaukar ta tana yi, shi ya buga mata ganga, shi ya haɗa. Tun rasuwar yarinyar, Yaya ba ta iya zama kusa da kaset ɗin, in an kunna sai ta fita tsakar gida.

Don haka Uwar Biyu ta rufe shago ta fito, ta ƙudura ba za ta kai wa mutumin da ya yi rayuwa da sauti tarkace ba. Ta gwada mai sauƙi ta ce kamar gwangwani. Ta gwada marar waya, mai shago ya ce tsohuwar rikoda ba ta san shi ba. Ta matsa soson kowanne da yatsa kamar mai zaɓen yadi, ta ɗauki wanda ba zai danne kan marar lafiya ba.

"Ga alama nan," in ji mai shago yana nuna mata. "Wannan na hagu, wannan na dama. Kada ki saɓa."

"Ni da nake ɗinka hannun riga? Ban taɓa saɓawa ba."

Ɗakin Baba Faifai na warin man shafawa da tsohuwar takarda. Faya-fayai jere a kanta har sama, manyan sifikoki biyu a kusurwa an lulluɓe su da zanin gado. Da ya ga kwalin idonsa ya yi haske. Ta ɗora masa a hankali, ta duba alama sau biyu, na hagu a hagu, na dama a dama, ta danna.

Ya rufe ido. Can sai goshinsa ya tattare. Leɓensa ya yi ta motsi kafin kalmar ta fito.

"Ju... ya."

"Juyi yake so," Yaya ta ce daga bakin ƙofa. "Bayansa ya gaji."

Suka kama shi su biyu, suka juya shi ya fuskanci bango, suka tokare shi da filo.

"Juya."

Suka dawo da shi.

"Ko kaset ɗin yake nufi?" Uwar Biyu ta cire, ta juya ɗaya gefen. Babu komai a ciki sai shuu.

"Juya," ya ce, wannan karon da ƙyar, hawaye na gangarowa gefen fuskarsa. Hannunsa ya ɗan ɗaga daga katifa ya koma.

Ta ɗora hedifon ɗin a kanta ta saurara. Lafiya lau. Ga ganga, ga muryar yarinya siririya, har da 'yar dariyar da ta yi kafin ta fara. Ta ja Yaya waje.

"Abin yana aiki. Ina jin kunnen ne."

"Na daman ai ya daɗe da mutuwa," Yaya ta ce. "Haka suke aiki, su rufe kunne ɗaya da hedifon suna shirya waƙa ta gaba, ɗayan su bar wa sifika da jama'a. Shi na dama ya bar musu, suka cinye shi. Na hagun ne ya rage. Idan shi ma ya tafi, shi ke nan."

Suka ajiye hedifon ɗin a kan kantar faya-fayan, inda yake iya ganinsa. Har yamma bai ƙara cewa komai ba, ya kuma ƙi karɓar ruwa. Uwar Biyu ta koma gida ranta a jagule. Ta ji haushin mai shago, ta ji haushin kanta, ta ji haushin tsohon ma, da bai taɓa yin shiru lokacin da take so ba sai yanzu.

Washegari tun ba a gama buɗe shaguna ba ta isa wurin mai shagon, da rikoda da kaset a cikin jaka.

"Ka ba ni wanda ya fi wannan ƙara. Bai ji komai ba."

Mai shago ya jona wani hedifon, ya saurara. Ya ɗaga kunne ɗaya, ya mayar, ya ɗaga ɗayan.

"Wa ya haɗa wannan?"

"Shi da kansa."

"Aikin da ne. Ganga ya sa a hagu, murya a dama, bai gauraya su ba. Da wane kunne yake ji?"

"Hagu."

"To ai ganga kawai yake ji tun jiya. Ba sai kin sayi wani ba, Hajiya. Ki juya masa kawai."

Ta tsaya tana kallon bakinsa. Ba ta san lokacin da ta kwashe kayan ba, ba ta kuma yi masa sallama ba. Duk hanya kalmar na bin ta. Sau uku Baba Faifai ya faɗa. Mutum ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya faɗi abin da yake so daidai, su kuma suna ta mirgina shi kamar katifa.

Ta tarar da takalma a ƙofar ɗakin, gabanta ya faɗi. Amma yana nan. Ƙaninsa na zaune a gefe, Yaya na riƙe da ƙafarsa. Idanunsa a rufe, numfashin yana fita, ya daɗe kafin wani ya biyo.

"Tun safe bai buɗe ido ba," Yaya ta ce.

Uwar Biyu ta durƙusa. Ta juya hedifon ɗin, na dama a hagu, ta ɗora masa.

"Baba Faifai, na juya. Ka yi haƙuri, ni ce ban gane ba."

Ta danna. Ɗakin ya yi shiru har ana jin muryar tana tsiyayowa ta gefen soso, 'yar ƙarama. Yaya ta miƙe za ta fita. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya, sannan ta dawo, ta hau gadon ta kwanta kusa da shi, ta manna kunnenta a bayan hedifon ɗin.

Ko ya ji ko bai ji ba, Uwar Biyu ba za ta iya rantsuwa ba. Ta dai ga goshin ya saki. Waƙar ba ta kai ƙarshe ba ƙanin ya sunkuya ya duba shi, ya ga numfashin ya tsaya, ya ɗago ya dube su, ya miƙa hannu zai kashe rikodar.

"Bar ta," Yaya ta ce, ba ta ɗaga kai ba. "Saura baiti ɗaya."