Garmahon Goggo Fatu

Kwana uku ke nan Goggo Fatu na zaune a kan bencin shagon Kalilu a Badariya, ta ce ba ta komawa Argungu sai an gyara mata garmahonta. Shi kuwa Kalilu, ɗan ƙanenta, naɗin wayar fanka da injin ban-ruwa ya sani. Amma wa ya isa ya ce wa Goggo a'a?

Faifai ɗaya tak gare ta, mai muryar mijinta marigayi Sahabi, mawaƙin masunta, wanda sau ɗaya aka taɓa ɗaukar waƙarsa a duniya. Injin garmahon ya tsufa, yana kakkarwa kamar mai masassara, allura na tsalle tana karce faifan. Duk sawa sai an ci wani abu daga muryar.

"Ka hana shi cinye min miji, shi ke nan," in ji ta.

Kalilu, bawan Allah, ya rasa tudun dafawa. In ya miƙe shan iska, idonta na bayansa. In mai fanka ya leƙo, ita ke cewa a dawo jibi. Ya warware tsohuwar wayar injin, wadda ta gasu har tana ɓarɓashewa a hannu, yana ƙirga zagaye har wuyansa ya sage. Ya naɗa sabuwa, ya sa roba ƙarƙashin injin. Don tsoron taɓa faifan, da murfin kwalba cike da ruwa yake gwaji a kan akwatin garmahon. Sau huɗu ruwa na rawa, sau huɗu yana sake aiki. A na biyar ruwan ya kwanta luf.

Ya yi bisimilla ya ɗora faifan. Murya ta fito tar, ta ƙaƙƙarfan saurayi, ba gargada. Kalilu ya yi ajiyar zuciya, har ya soma murmushi.

Goggo ta karkata kunne, ta daɗe a haka.

"Wanga fa, wane na?"

"Baba Sahabi ne mana, Goggo."

"A'a. Nawa, muryatai rawa takai. Shekara ashirin muna tsuhwa tare, ni da shi. Maishe min shi yadda yake."

Kalilu ya dubi tsohuwar wayar a ƙasa, guntu-guntu. Tausayi da kunya suka kama shi, wallahi da ƙasa za ta tsage da ya shige.

"Ba ya mayuwa, Goggo."

Saurayin cikin faifan na ta waƙarsa. Can Goggo ta goge ido da bakin gyale.

"Ashe yau Sahabi yam mutu."